Daga Karofi Zuwa Kanal: Gadon Sana'a da Ruwa a Ƙasar Ɗanbatta

Ranar Lahadi kasuwar Ɗanbatta ke ci. Tun da hantsi hanyar da ta taso daga Kano ta nufi Kazaure da Daura take cushewa da motocin shanu da na hatsi, da masu babura ɗauke da awaki a cikin kwando. Mafi yawan baƙi kara suke nufa, domin da dabbobi aka fi sanin kasuwar. Amma wanda ke son ya karanci tarihin wannan ƙasa, rumfunan 'yan yadi ya kamata ya leƙa. Ya ɗauki turmin atamfa, ya ɗauki shadda, ya ɗauki yadin da ake ɗinka wa 'yan makaranta, ya tambayi mai rumfa daga ina kowanne ya fito. Amsar ba ta wuce Sin ko Indiya ko wata ƙasa ta ƙetare, ta hannun dilolin Kantin Kwari. Gwado ko luru na saƙar hannu kuwa, sai an yi cigiya.

Wannan a ƙasar da ta taɓa tufatar da mutane tun daga bakin Tafkin Chadi har Tambutu. Jama'ar karkarar Kano, da ƙasar Ɗanbatta a cikinta, sun ga zamani uku na aikin masana'anta: zamanin marina da masaƙar hannu, zamanin manyan masaƙun inji na Kano da Kaduna, da zamanin madatsun ruwa da kanal. Na farko ya kusa shuɗewa, na biyu ya durƙushe, na ukun yana nan da ransa amma yana neman kulawa. Abin da ya fi damuna shi ne ko ɗaya daga cikinsu ba mu ajiye shi yadda jikokinmu za su gani su taɓa ba, alhali garuruwan arewacin Ingila, waɗanda suka yi kokawa da masaƙanmu har suka kayar da su, sun ajiye nasu.

Masana'antar da ba ta da hayaƙi

A watan Fabrairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano. Ya ƙiyasta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar Kano a fitar da su waje suna kawo kuɗi aƙalla wuri miliyan 300 a shekara, kuma ya bi sawunsu har Gat da Murzuk da Tarabulus ta arewa, da Tambutu ta yamma. Abin da ya fi burge shi shi ne yadda aikin bai tattaru a manyan gine-gine irin na Turai ba. A cikin gidaje ake yinsa, mutum yana sana'arsa yana tare da iyalinsa.

Ba birni kaɗai ya yi wannan aiki ba, karkara ce ta ɗauki mafi nauyinsa. Manomi ya shuka auduga a bayan gida ko a tsakanin kunyoyin hatsi. Bayan kaka sai ta koma hannun mata: a gurje ta a fitar da angurya, a shiɓe ta, sannan a zauna kaɗi da mazari, ana dangwalar alli don kada zaren ya zame a yatsa. Tsohuwa guda tana iya tara abin gudunmawar bikin jikarta daga kuɗin zare da abawa. Daga nan zaren ya isa ga masaƙi, wanda da rani yake kafa masaƙarsa a gindin bishiya, ya miƙe zaren tsaye ya yi nisa, ya ɗaure ƙarshensa a jikin kunkuru, ƙoshiya tana kai da komo, ƙafafunsa suna taka igiyoyi. Ƙyallen da ke fitowa siriri ne, bai fi faɗin tafin hannu ba, wani ma bai kai ba, sai an harhaɗa ƙwarya da ƙwarya kafin a sami riga ko zane. Minjibir, maƙwabciyar Ɗanbatta, ta yi suna a wannan saƙa, kamar yadda Kura ta yi suna da rini har rawaninta ya ci sunan garin.

Karofi kuwa ilimi ne mai zaman kansa. Rijiya ce siririya mai zurfi, ana shafe cikinta da laso don kada ta sha ruwa, shi kuma lason daga katsi ake haɗa shi, wato guggubin da ke kwanciya a gindin wata rijiyar da ta gama aiki. Ba abin da ake zubarwa. A zuba ruwa, a zuba baba da toka, a bar shi kwanaki yana ruɓa, marini yana tuƙawa da muciya har kumfa ta taso ta nuna masa cewa rinin ya nuna. Ba ma'auni, ba agogo. Da ido da hanci da ɗanɗanon harshe ake gane shi. A tsoma zane a ɗaga ya sha iska, ya fito kore-kore ya rikiɗe ya koma shuɗi a kan idonka, a sake tsomawa. Wanda ake so ya yi walƙiya sai a kai mabuga, a barbaɗa masa shuni a yi ta bugu a kan gungume har ya ɗauki ƙyalli. Irin wannan ne Buzaye suke tsallako hamada su saya.

Yau idan an ce marina, kowa Ƙofar Mata yake tunawa, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. Madalla da ta tsira. Amma a garuruwan karkara da yawa, abin da ya rage na karofi shi ne wani tudu mai launin toka a gefen gari, da bakunan rijiyoyi da shara ta cike, wasu an yi gini a kansu. Yaro zai wuce ta wurin kullum, ya ji ana kiran unguwar Marina ko Karofi, bai taɓa ganin hannun da shuni ya kama ba.

Abin da Lankasha ta zo nema

Lokacin da Barth yake ƙirga wuri a Kano, wata masana'antar tufafi ta daban tana ta kumbura a gundumar Lankasha da ke arewacin Ingila. Garin Burnley misali ne mai kyau. Ƙaramin gari ne har sai da hanyar ruwa ta ratsa shi. Wannan hanya haƙa ta aka yi da hannu, daga Leeds zuwa tashar jiragen ruwa ta Liverpool, mil 127. An fara aikin a 1770, ba a gama ba sai 1816. A Burnley, maimakon a gangara da ita cikin kwari, sai aka tara ƙasa aka yi mata doguwar ganuwa ta kusan mil guda, ruwan yana tafiya a sama, rufin gidaje yana ƙasa. Dawakai ne suke jan kwale-kwalen daga gefe, ɗauke da kwal da auduga da dilolin yadi. Masaƙu suka jeru a bakin ruwan saboda injin tururi yana bukatar ruwa da kwal, ga su kuma a ƙofar gida. Zuwa wajejen 1910, na'urorin saƙa a Burnley sun doshi 100,000.

Kada a ɗauka labarin duk daɗi ne. Audugar da ta gina waɗannan garuruwa, mafi yawanta bayi ne suka noma ta a kudancin Amurka. Ƙananan yara sun yi aiki a cikin ƙurar auduga, ƙarar injuna ta kurmantar da masaƙa da yawa. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861 audugar ta yanke, masaƙu suka tsaya, ma'aikata suka shiga yunwa. Wannan tsoro bai bar masu masaƙun ba. A 1902 suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a Manchester, wadda aka fi sani da BCGA, mutanen Funtuwa da Gusau suna ce mata Bisije. Burinsu su sami ƙasar da za ta noma musu auduga a ƙarƙashin tutar Ingila, kuma idonsu ya faɗa kan ƙasar Hausa. Shekara guda bayan haka, a 1903, sojojin Lugga suka ci Kano.

Matsin lambar waɗannan masu masaƙu na daga cikin manyan dalilan da suka sa aka shimfiɗa layin dogo daga Baro zuwa Kano. Ya iso a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Lissafinsu shi ne taragu su riƙa komawa kudu cike da auduga, su dawo cike da akoko da alawayyo.

Manomin Kano ya yi nasa lissafin. Farashin da Bisije ke bayarwa bai kai wanda masaƙin ƙauye ke saye ba, don haka audugar da ya noma sai ta tsaya a gida. Abin da ya zuba wa jirgi gyaɗa ce. Dalilansa a fili suke ga duk wanda ya taɓa riƙe fartanya a ƙasar Ɗanbatta: ƙasar jigawa ce mai rairayi, gyaɗa tana sonta. Ana shuka ta tare da gero ba ta hana shi. Idan kasuwa ta faɗi ana iya cin ta, a matse mai, a yi ƙuli-ƙuli, harawar kuma ta ciyar da dabbobi har bazara. Auduga ba a cin ta. Fatake irin su Alhassan Ɗantata, waɗanda suka goge a safarar goro daga Gwanja, suka baza yaransu ƙauyuka suna ba da kuɗi kafin kaka. A 1913 kaɗai gyaɗar da aka fitar daga Najeriya ta haura tan 19,000, alhali shekarar da ta gabata ba ta kai tan 3,000 ba. Noman audugar fitarwa sai ya koma ƙasar laka ta Zariya da Funtuwa da Malumfashi da Gusau, inda Bisije ta kafa injunan gurza.

A ganina wannan yana cikin manyan abubuwan alfahari a tarihin talakan ƙasar nan. Mutanen da ba su da jarida, ba su da majalisa, suka karkatar da shirin daula guda ta hanyar zaɓen abin da za su shuka. Dalar gyaɗa da muke gani a tsofaffin hotuna, buhu-buhu ta taso daga gonakin Ɗanbatta da Bichi da Gezawa da ire-irensu, a kan jakuna da raƙuma kafin zuwan manyan motoci. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 suka kawo ƙarshenta. Filayen da dalar ta tsaya a Kano yanzu an cinye su da gine-gine.

Sai dai yadin Lankasha bai fasa shigowa ba. A hankali ya ci kasuwar fari, rinin kanti ya rage wa baba daraja, saurayi ya ga kuɗin gyaɗa ya fi na zama a gindin masaƙa. Masana'antar gida ba faɗuwar dare ɗaya ta yi ba, ta yi shekaru tana ja da baya.

Zamanin jiniya

Martanin Arewa ya zo a shekarun 1950. Attajiran Kano suka haɗa jari suka kafa masaƙar inji a Gwammaja. A 1957 gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello ta buɗe masaƙar KTL a Kakuri, Kaduna. Abokin haɗin gwiwarta kamfanin David Whitehead ne na garin Rawtenstall, wanda ke 'yan mil kaɗan daga Burnley. Wato masu sana'ar Lankasha da kansu suka zo suka kafa injuna a inda dā suke neman ɗanyen kaya kawai. Masaƙun UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960. A Kano, unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Chalawa suka cika. Alhaji Isyaku Rabi'u ya kafa masaƙar Bagauda, Alhaji Nababa Badamasi ya kafa ta Gaskiya. Akwai lokacin da, in ka ɗebe gwamnati, ba mai ɗaukar ma'aikata a Najeriya kamar masaƙu.

Matasan karkara da suka saba tafiya cin rani su dawo da damina, wasunsu suka zama ma'aikatan dindindin. Suka koyi aikin dare, suka koyi tashi da jiniya, suka shiga ƙungiyar ƙwadago. Albashin wata ya sayi keke da rediyo, ya rufa ɗaki da kwano a ƙauye, ya biya sadaki.

Abin da ya kashe masaƙun sananne ne. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran injuna suka yi tsada. A shekarar ce kuma aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, ingancin iri da na auduga ya taɓarɓare. Wutar lantarki ta zama sai an gani, baƙin man da tukunyar tururi ke sha ya yi wuya. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi, ga kuma fasa-ƙwauri ta iyakar Nijar da Benin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: yadin Sin mai arha ya tarar da masaƙun sun riga sun galabaita. KTL ta rufe a 2002, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya. Dubban ma'aikata suka koma gida, da yawansu sun yi shekaru suna bin haƙƙinsu, wasu har suka rasu ba su karɓa ba.

Ƙasar Ɗanbatta ba ta fita daga harkar tufafi ba duk da haka. Wanda ya san Kantin Kwari ya san Fagwalawa, 'yan kasuwar da suka samo sunansu daga garin Fagwalawa na wannan ƙasa, suka yi ƙarfi a cinikin yadi. Basirar kasuwanci tana nan daram. Abin da ya bar hannunmu shi ne ƙerawa.

Yanzu a koma Burnley. Su ma masaƙunsu sun mutu, kuma abin da ya kashe namu shi ya kashe nasu: wani ya fi su arha. Ma'aikatan da aka ɗebo daga Pakistan da yankin da ya zama Bangaladash a shekarun 1960 don aikin dare, su ma sun wayi gari ba aiki. Amma da masaƙar Queen Street, wadda ta fara aiki a 1895, ta rufe a 1982, ba a sayar da ƙarafanta ga 'yan gwangwan ba. An mayar da ita gidan tarihi, da injin tururinta da ɗaruruwan na'urorin saƙa a jere yadda ma'aikata suka bar su. Tsofaffin masaƙu da rumbunan da ke bakin hanyar ruwa an sa su cikin wuraren da doka ta hana rushewa, tsohon ofishin karɓar kuɗin fito ya zama wurin karɓar baƙi. Hanyar ruwan da jirgin ƙasa da mota suka ƙwace wa aiki, yanzu masu yawon shaƙatawa ke bin ta, kuma tun 2012 wata gidauniya ce ke kula da ita tare da 'yan sa-kai. A can gaba a kan wannan hanyar ruwa, ƙauyen masaƙa na Saltaire ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2001.

Ba ina cewa gidan tarihi ya mayar wa mutanen Burnley aikinsu ba. Bai mayar ba, garin yana cikin masu fama da talauci a Ingila, ita kanta Queen Street an taɓa rufe ta a 2016 saboda ƙarancin kuɗi kafin a sake buɗewa. Amma ɗan makarantar garin yana iya tsayawa a gaban injin da kakarsa ta yi aiki a kai, ya ji ƙararsa a kunnensa. Ɗan tsohon ma'aikacin Bompai ko Kakuri fa, ina za a kai shi?

Ruwan Audu Bako

Namu kanal ɗin ba don kwale-kwale aka haƙa shi ba, don abinci ne, kuma yunwa ce ta haife shi. Kwamishinan 'yan sanda Audu Bako ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, kuma a zamaninsa aka yi farin da ya ƙone Sahel a farkon shekarun 1970. Koguna a nan ba sa wuce 'yan watanni suna gudu. Na arewacin Kano, irin su Gari da Tomas da Jakara, ko kogin Haɗeja ba sa kaiwa da ƙarfinsu, rairayi ne ke shanye su a hanya. Kafin madatsu, noman rani sai mai fadama, da jigo da guga, yana ban-ruwan 'yan fangulan albasa da yini guda.

Gwamnatin Audu Bako ta ƙudiri aniyar tare ruwan damina kafin ya gudu. Aka yi Bagauda, aka kammala Tiga a 1974, aka kafa hukumar WRECA wadda injiniyoyinta da ma'aikatanta suka gina madatsun ƙasa da dama a faɗin tsohuwar jihar. A cikin wannan yunƙuri aka tare kogin Tomas a tsakiyar shekarun 1970, aka sami dam ɗin da mutanen Ɗanbatta da Makoɗa ke kira Tomas. Gari da Watari suka biyo baya, Chalawa kuma sai 1992. Ba banza ba kwalejin aikin gona da ke Ɗanbatta take ɗauke da sunan Audu Bako.

Wanda yake son ya ga abin da kanal ke iya yi, ya bi hanyar Zariya da rani ya ratsa Kura da Kadawa da Garun Malam. Ruwan Tiga yana gangarowa da kansa ba tare da inji ba, daga babban kanal zuwa ƙanana, daga ƙanana zuwa na bakin gona. Manomi ya tsoma lanƙwasasshen bututu a cikin ruwan, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya girgiza shi sau biyu ko uku, ya sake shi a cikin kunya, ruwa ya kama zuba. A watan Maris, lokacin da ko'ina ya bushe ƙurmus, can shinkafa ce da alkama da tumatir iya ganinka. A bakin Tomas ma rani ba lokacin zaman banza ba ne: ga masunta da komarsu, ga masu lambu, ga makiyaya da ke gangarowa shayarwa.

Madatsun sun zo da nasu ciwon. An tashi ƙauyuka, gonakin gado sun nutse. Tsargiya da zazzaɓin sauro sun sami mazauni a bakin ruwan da ba ya gudu. A can ƙasa, ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Duk wannan ma tarihi ne, kuma ya cancanci a rubuta shi daga bakin waɗanda abin ya shafa.

Babbar matsalar yau ita ce kulawa. Ƙasar nan kowane taƙi nomansa ake yi, ba saura, ba daji. Masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi shekaru yana nazarin yadda manoman kewayen Kano suke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, suna riƙe ta da taki da dabbobi da bishiyoyi. To idan ruwan sama ya sauka a irin wannan ƙasa, yashi yake kwasowa ya zube a cikin dam, shekara bayan shekara, cikinsa yana raguwa ba mai gani. Kanal kuma idan siminti ya tsage ba a liƙe ba, damina biyu ta ishe shi ya zama rami. Ƙofar ƙarfe ta yi tsatsa ta ƙi juyawa, ciyawa ta cike magudana, na kusa da ruwa ya sha ya ƙoshi, na ƙarshen layi ya jira har shukarsa ta bushe. Daga nan kowa ya sayi injin ban-ruwa, ya riƙa ƙona fetur don ya ɗaga ruwan da aka tsara zai zo masa da ƙafarsa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, wannan kuɗi ya zama abin da ke raba mai noman rani da wanda ya haƙura. An yi gyara mai yawa a yankin Kadawa da rancen Bankin Duniya ƙarƙashin shirin TRIMING, amma ƙananan madatsun jiha, waɗanda su ne a kusa da talakan arewacin Kano, ba su da mai tsaya musu irin haka.

A nan ne muka bambanta da Burnley. Su hanyar ruwansu ta gama aikinta, ado ce yanzu da abin tunawa. Tamu tana ciyar da mutane, adana ta kuwa shi ne a yashe ta, a liƙe ta, a shafa wa ƙofofinta mai, a bar ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwan su karɓi kuɗin gyara su kuma ga inda aka kashe shi.

Sauran gadon kuma aikinsa bai kai tsadar da ake zato ba. Tsofaffin da suka yi rini a karofi, da matan da suka yi kaɗi, da direbobin katafila da suka tara ƙasar Tomas, da waɗanda suka yi aikin dare a Bompai, wasunsu suna raye, suna zaune a ƙofar gida a Ajumawa da Gwarabjawa da Sansan da cikin garin Ɗanbatta. Kowace shekara ana rasa wasu. Wayar hannu ta isa a naɗi muryarsu. Ɗaliban kwalejin Audu Bako da na sashen tarihi na Jami'ar Bayero suna neman abin da za su yi bincike a kai, ga shi a ƙofar gida. Hakimi da dagatai sun san inda kowace tsohuwar marina take, kalma ɗaya daga bakinsu ta isa ta hana a yanka ta a sayar a matsayin fuloti. Hukumar tarihi da al'adu ta jiha, wadda ke Gidan Ɗanhausa, da gidan tarihi na Gidan Makama, suna iya neman na'urar saƙa ko guda goma daga masaƙun da suka rufe kafin a auna su a kan sikeli. Taswirorin madatsu da zanen kanal da injiniyoyin WRECA suka yi, a nemo su a ɗauki hotonsu tun gara ba ta riga mu ba, domin duk wanda zai yi gyara gobe da su zai fara.

Layin dogon da aka aza harsashinsa a 2021, daga Kano zuwa Maraɗi, ta Ɗanbatta aka tsara zai bi. Na 1912 ya sauya abin da ƙasar nan ke shukawa da abin da take sawa a jiki, wannan ma zai zo da nasa sauyin, filaye za su yi tsada, gini zai ci wuraren da yau ba mai kallonsu. Ina kira ga masu sarautar ƙasar Ɗanbatta, da shugabannin ƙaramar hukuma, da attajiranmu na Kwari waɗanda arzikinsu daga tufafi ya fito: a zaɓi karofi ɗaya a kewaye shi, a zaunar da masaƙi ɗaya da almajirai a biya shi, a sa yashe kanal ɗin Tomas a cikin kasafin kowace shekara. A fara da ranin bana, tun masu ba da labarin suna da rai.